Mudun Manhaja: Abin da Shinkafi, Zurmi da Ƙauran Namoda ke koya wa masu ƙirƙirar manhaja game da auna nasara

Ranar Alhamis kasuwar Shinkafi ke ci. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin masu hatsi ya san cewa kafin a yi maganar farashi sai an fara daidaitawa a kan abin awo. Da wace tiya za a auna? Za a cika ta har ta yi tsororuwa, ko za a shafe bakinta? Mai sayen da bai yi wannan tambayar ba zai iya komawa gida yana murnar ya samu arha, sai an juye buhu a gida ya gane cewa kwanon ne ƙarami.

A gefen masu hatsin akwai wani mai awon na daban, wato mai POS da ke zaune ƙarƙashin lema da ƴar na'urarsa da fawa-bank. Shi ba ya ƙirga mutanen da suka tsaya a gabansa. Abin da yake lissafawa da yamma shi ne sau nawa kuɗi ya fita lafiya, sau nawa aka cire wa mutum kuɗi a asusu amma na'ura ta ce bai shiga ba, da kuma kwana nawa aka yi kafin kuɗin ya dawo. Idan na'urar wani kamfani ta cika ba shi kunya a gaban kwastoma, zai jefa ta cikin jaka ya ɗauko ta wani kamfanin, ba tare da ya rubuta wa kowa takardar koke ba.

Manyan kamfanonin fasaha suna biyan ma'aikata albashi mai tsoka don yin irin wannan lissafin. Manajan manhaja, wato mutumin da ke yanke shawarar abin da za a gina da abin da za a gyara, rabin aikinsa zaɓen ma'auni ne: wace lamba ce za ta nuna masa cewa manhajar na biyan buƙatar mutane? Wanda ya zaɓi ma'aunin da bai dace ba zai iya kwashe shekara yana murna alhali jari na zurarewa. Abubuwan da suka faru a arewacin Zamfara daga 2021 zuwa yau sun isa su koyar da wannan darasi ga duk matashin da ke koyon rubuta manhaja a waya ko a kwamfuta.

Taron tsintsiya babu shara

Ranar 25 ga Oktoba, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira, kuɗin intanet na Babban Bankin Najeriya, CBN. A makonnin farko labarin da ya cika jaridu shi ne yawan masu sauke manhajar. Cikin kwana 25 an kai lalita 500,000, lambar da kowane mai manhaja zai so ya gani.

A watan Mayun 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya fitar da wani nazari kan shekarar farko ta eNaira. Nazarin ya nuna cewa zuwa ƙarshen Nuwamban 2022 lalitocin jama'a sun kai kimanin 860,000, amma a kowane mako kashi 98.5 cikin 100 ba a taɓa su ko sau ɗaya. Matsakaicin cinikin da ake yi a mako bai wuce kimanin 14,000 ba a faɗin ƙasar.

Duka lambobin gaskiya ne, sai dai tambayoyin da suke amsawa sun bambanta. Ta farko tana gaya maka mutum nawa talla ta kai gare su har suka danna maɓallin saukewa. Ta biyu tana gaya maka mutum nawa suka ga amfanin abin har suka dawo. Eric Ries, marubucin littafin The Lean Startup na 2011, shi ya yayata sunan da ake kiran irin lamba ta farko da shi, wanda a Hausa za a iya cewa ma'aunin burga. Alamarsa ita ce ba ya taɓa raguwa. Jimillar waɗanda suka taɓa sauke manhaja sai dai ta ƙaru, ko da kowa ya goge ta washegari. Lambar da ba za ta iya kawo maka mummunan labari ba, ba za ta taimake ka yanke shawara ba.

Akwai wani abin lura a wannan rana ta ƙaddamarwa. Lokacin da ake bikin a Abuja, wayoyin mutanen Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi babu sabis ko sanda ɗaya. Za a zo kan wannan nan gaba.

Wane ne "mai amfani"?

Ko an bar ƙirga saukewa an koma ƙirga masu amfani, da sauran rina a kaba, domin sai an fayyace wa ake nufi da mai amfani. A watan Maris na 2024 alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, sun nuna layukan waya masu aiki kusan miliyan 219. Zuwa Satumba na wannan shekarar sun koma kusan miliyan 155. Ba mutane ne suka jefar da wayoyinsu ba. Wani ɓangare na raguwar ya fito daga rufe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba. Ɗaya ɓangaren kuma, hukumar ta ce binciken da ta yi ya gano wani kamfani ya lissafa layuka kusan miliyan 40 a matsayin masu aiki, alhali sun wuce kwana 90 ba su yi wani abin da ya kawo kuɗin shiga ba, wanda shi ne ƙa'idar hukumar.

Ma'ana, an riƙa auna kasuwar waya ta Najeriya da kwanon da ba daidai ba. Idan hakan zai faru a matakin ƙasa, to ƙaramin mai manhaja ya fi kowa buƙatar ya rubuta ma'anar kalmominsa a takarda tun ranar farko. Wanda ya buɗe manhaja ya rufe cikin daƙiƙa biyu, mai amfani ne? Wanda sanarwa ta faɗo masa ya danna bisa kuskure fa? Amsar da ta fi aminci ita ce a ɗaure ma'anar da aikin da aka gina manhajar dominsa. A manhajar tura kuɗi, mai amfani shi ne wanda ya tura ko ya karɓa. A manhajar karatu, wanda ya kammala darasi.

A arewacin Zamfara lissafin yana da ƙarin sarƙaƙiya. Manhajoji da yawa ba ta Play Store suke shiga wayoyi ba. Ana tura su ne daga waya zuwa waya ta Xender, a shagon caji ko a majalisa, don a tsimi data. Mai manhaja zai ga saukewa ɗaya a allonsa alhali ta shiga wayoyi da dama. Sannan waya ɗaya takan yi wa gida guda aiki: maigida da rana, uwargida da dare, yara su karɓa idan an samu sarari. Mai POS ɗaya kuma shi ne bankin unguwa ko na ƙauye sukutum. A nan "mai amfani ɗaya" na iya zama mutane da yawa, kuma rasa shi ya fi rasa matasa goma da suka sauke manhaja don gwaji.

Watannin da layi ya ɗauke

A farkon Satumban 2021, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su kashe sabis a duk faɗin Zamfara daga ranar 3 ga wata, a wani yunƙuri na daƙile ƴan bindiga. An ce na mako biyu ne, amma aka zarce. A daidai lokacin gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako, ta dakatar da safarar dabbobi, ta hana sayar da fetur a jarka. Mutane sun riƙa fita har Funtuwa a jihar Katsina don kawai su buga waya ko su tura kuɗi. An mayar wa Gusau da sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin mayar musu.

A ɗauki manajan wata manhaja da ke zaune a Legas yana kallon allonsa a wannan lokaci. Zai ga masu amfani daga Zamfara sun faɗi ƙasa warwas a dare ɗaya. Idan ƙa'idar kamfaninsa ita ce duk wanda ya yi kwana 30 bai shigo ba an rasa shi, to na'urarsa za ta jefa mutanen Zurmi da Shinkafi gaba ɗaya cikin jerin waɗanda suka gudu. Wataƙila ta fara aika musu saƙon rarrashi da ba zai isa ba, wataƙila kuma a zare wakilan kamfani daga yankin bisa hujjar cewa babu kasuwa. Lambar ba ta yi ƙarya ba, amma fassarar da aka yi mata ta kauce, domin babu wanda ya tambayi abin da ke faruwa a ƙasa.

Akwai kuma wata matsala ta fasaha da masu koyon aiki ba su cika sani ba. Firebase, kayan aikin Google na kyauta da ƙananan masu manhaja suka fi amfani da shi wajen ƙididdiga, yana tara bayanan amfani a cikin waya ya aika idan an samu intanet. Amma bayanin da ya iso bayan awa 72 da faruwarsa ba a lissafa shi. Don haka idan manhajarka na aiki ba tare da intanet ba, kuma wani ɗan kasuwa a wani ƙauyen Zurmi ya yi mako guda yana amfani da ita kafin ya shigo gari ya kunna data, yawancin wannan aikin ba zai bayyana a allonka ba. Mutumin da ya fi kowa dogaro da manhajarka shi ne ƙididdigarka ta fi mantawa da shi. Maganin shi ne manhajar ta riƙe nata lissafin a cikin waya, kamar adadin ayyukan da aka kammala da ranakunsu, ta aika wa sabarka duk lokacin da layi ya samu.

Rufe layi na 2021 shi ne misali mafi girma, amma ƙananan irinsa na faruwa kullum. Turken sabis ya mutu saboda ba a samu kai masa man dizal ba. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ko ta Zurmi zuwa Jibiya ta yi zafi, direbobi sun ajiye motoci, kasuwa ba ta cika ba. Damina ta kwashe mutane zuwa gona, kaka ta dawo da kuɗi hannu, azumi ya mayar da hada-hada zuwa dare. Manajan da ya san aikinsa yana ajiye kalandar irin waɗannan abubuwa a gefen ƙididdigarsa, ta yadda duk lokacin da layin jadawali ya yi sama ko ƙasa zai fara duba ta kafin ya yaba wa kansa ko ya zargi manhajar.

Lokacin da jama'a suka yi nasu awon

A ƙarshen 2022 CBN ya sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, kuma a farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ƙarancin da ba a saba gani ba. Zamfara na cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Kafin nan, masu shayi, mahauta da masu hatsi da ba su taɓa tunanin karɓar tiransifa ba dole ta sa sun fara.

A waɗannan makonni manhajojin bankuna da dama sun durƙushe saboda cunkoso. Mutum zai tura kuɗi, a cire masa, mai kaya ya ce bai ga alat ba, a tsaya cirko-cirko. A nan ne sunayen OPay, PalmPay da Moniepoint suka shiga bakin talakawa, kuma dalilin da ake ji a kasuwa ɗaya ne: kuɗi na shiga nan take. Babu wanda ya tambayi mutum miliyan nawa suka sauke wata manhaja. Ma'aunin da jama'a suka yi amfani da shi shi ne, cikin tura kuɗi goma, nawa ne suka isa kafin mai kaya ya gaji da jira.

Wannan ma'auni yana da ƙane, wato tsawon lokacin da kuɗin da ya maƙale ke ɗauka kafin ya dawo. Tun watan Yunin 2020 CBN ya ƙayyade cewa a warware matsalar cinikin POS da ya gaza cikin awa 72. Ga ma'aikacin da ke jiran albashi, kwana uku haƙuri ne. Ga wanda ya kawo buhun gero daga ƙauye, zai sayi magani da kuɗin ya koma gida kafin la'asar saboda hanya, kwana uku na nufin ya koma hannu biyu. Kamfanin da ke auna kansa da cika wa'adin awa 72 zai ga ya ci jarrabawa, alhali kwastomansa na Shinkafi ya riga ya yanke hukunci tun a awa ta farko.

Yadda ake zaɓen ma'auni

A ce wani ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda ya rubuta ƴar manhaja ta rubuta bashi, wadda za ta maye gurbin littafin da masu shago ke rubuta sunayen masu karɓar kaya. Me zai riƙa dubawa?

Mataki na farko shi ne ya faɗi amfanin manhajar a jimla ɗaya: mai shago ya san wa yake bi, nawa, kuma ya karɓi kuɗinsa. Daga wannan jimlar babban ma'auni ke fitowa, misali adadin masu shagon da suka rubuta bashi ko biya aƙalla sau ɗaya a mako. Manyan kamfanoni ma haka suka yi. Chamath Palihapitiya, wanda ya jagoranci sashen bunƙasa Facebook a shekarunsa na farko, ya bayyana cewa sun gano duk wanda ya samu abokai 7 cikin kwana 10 yakan zauna, sai suka mayar da hankalinsu kacokan kan kai sabon shiga ga wannan matakin.

Zaɓen mako maimakon rana ba ƙaramin abu ba ne. Facebook da TikTok suna ƙirga masu shiga kullum domin abin nishaɗi ne na kullum. Ɗan kasuwar da ke cin kasuwa sau ɗaya a mako, idan ya buɗe manhajar duk ranar kasuwa ba fashi, ya kai maƙura wajen amfani da ita. Wanda ya auna shi da ma'aunin kullum zai ga kamar kwana shida ya yi watsi da ita, sai ya fara damun sa da sanarwa har ya goge ta.

Mataki na biyu shi ne bin sahun rukuni. Maimakon kallon jimilla, sai a ware waɗanda suka fara a mako guda a bi su. Misali, idan masu shago 40 suka fara a makon farko na wata, nawa ne ke nan bayan mako huɗu, nawa bayan mako takwas? Idan 12 suka rage kuma suka tsaya a 12, akwai abin da ya riƙe su, sai a je a tambaye su mene ne. Idan lambar ta ci gaba da zubewa har ta kusa sifili, ƙarin talla zuba ruwa ne a kwando. Wannan lissafin ba ya buƙatar wani kayan aiki mai tsada, Google Sheets ma ya isa.

Mataki na uku shi ne ƴan rakiya, wato ma'aunai biyu ko uku da ke gadin babban ma'aunin. A wannan yanki na farkonsu shi ne lafiyar manhaja a ƙananan wayoyi. Galibin wayoyin da ke hannun mutane Itel ne da Tecno da Infinix, da yawansu masu ƙaramin ma'aji, kuma idan waya ta cika manhajar da ta fi nauyi ake fara sadaukarwa. Play Console yana nuna kason masu amfani da manhaja ke mutuwa a hannunsu, kuma Google na ɗaukar kashi 1.09 cikin 100 a matsayin iyaka, wanda ya haura ta ana iya rage nuna manhajarsa a shagon. Na biyu shi ne data. Tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kowane megabait da manhaja ta ci yana da farashi a aljihun mai shago. Na uku shi ne daƙiƙoƙin da aiki ɗaya ke ɗauka idan sabis ya yi rauni.

Mataki na huɗu shi ne rarrabewa. Matsakaici yana ɓoye masu wahala. Idan mutum tara a cikin Gusau suna gama aiki a daƙiƙa 2, mutum ɗaya a Zurmi yana jiran daƙiƙa 60, matsakaicin zai nuna ƙasa da daƙiƙa 8, lambar da ba ta kwatanta halin kowa a cikinsu ba. Sai an raba lissafin gari-gari, waya-waya da kuma ƙarfin layi kafin a ga inda ciwon yake. Shi ya sa ƙwararru ke duba halin da kashi 5 ko 10 na ƙarshe ke ciki, ba na tsakiya kaɗai ba.

Gwajin ƙarshe ga kowane ma'auni tambaya ce mai sauƙi: idan wannan lamba ta faɗi gobe, me za a yi daban? Idan babu amsa, a cire ta daga allo. Allon da ke ɗauke da lambobi 30 yakan zama ado, kowa ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi ya kai taro.

Idan ma'auni ya zama abin farauta

A 1975 masanin tattalin arzikin Birtaniya Charles Goodhart ya yi wata lura da ta zama ƙa'ida: da zarar an mayar da ma'auni abin da ake saka wa mutane a kansa, sai ya daina faɗin gaskiya. Bankin Wells Fargo na Amurka ya ɗora wa ma'aikatansa adadin asusun da za su buɗe, sai suka riƙa buɗewa da sunan kwastomomi ba da saninsu ba. A 2016 aka gano asusu da katuna kusan miliyan 2 irin waɗannan, aka ci bankin tarar dala miliyan 185, ma'aikata kimanin 5,300 kuma suka rasa aiki.

Ba sai an je Amurka ba. Duk matashin da ya taɓa shiga harkar "gayyato aboki ka samu kyauta" ya san yadda ake yi: a karɓi wayar ƙane, ta inna da ta maƙwabci, a yi rajista, a kwashe kyautar, a goge manhajar. Kamfanin da ke biyan wakili bisa yawan rajista zai samu rajista. Wanda ke biya sai sabon shiga ya yi ciniki na gaske sau biyu ko uku a makonni daban-daban zai samu lamba ƙarama, amma ta mutanen da ke nan.

YouTube ma ya taɓa faɗawa wannan rami. Lokacin da yake fifita bidiyo bisa yawan dannawa, sai masu ɗora bidiyo suka koma hotunan yaudara da kanun ƙarya. A 2012 ya sauya zuwa tsawon lokacin kallo. Wannan ma daga baya ya jawo nasa ƙorafin, cewa yana ƙarfafa abin da ke riƙe ido ko da ba shi da amfani, har kamfanin ya ƙara da tambayar masu kallo ko sun gamsu. Babu ma'aunin da ake kafawa a tafi barci, kowanne yana buƙatar a riƙa waiwayarsa.

Abin da bai kamata a tara ba

Kwaɗayin ƙididdiga yakan sa mai manhaja ya tara duk abin da waya za ta iya bayarwa: wurin da mutum yake, lambobin da ke wayarsa, adadin kuɗin da ke shiga hannunsa. A wani wuri wannan batun sirri ne kawai. A yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, kuma ake fama da masu kai wa ƴan bindiga rahoto, jerin sunayen ƴan kasuwa da ƙauyukansu da cinikinsu na mako abu ne da zai iya jawo asarar rai idan ya faɗa hannun da bai dace ba.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta wajabta a tara iya abin da ake buƙata kawai, kuma a sanar da mai bayanin. Ga ɗalibin Ƙaura da manhajarsa ta bashi, wannan na nufin zai iya sanin masu shago nawa suka yi aiki a wannan mako ba tare da sabarsa ta san sunan kowa ko adadin bashinsa ba. Sunan ƙaramar hukuma ya isa wajen rarrabe lissafi, ba sai an ɗauki daidai ƙofar shago ba. Bayanin da ba a tara ba, ba a sace shi.

A je a gani

Lambobi suna nuna abin da ya faru, amma dalilin yana bakin mutane. Allo zai nuna cewa rabin sababbin shiga suna tsayawa a shafin rajista. Sai an zauna a benci kusa da mai shago za a ga cewa shafin na neman adireshin imel wanda ba shi da shi, ko saƙon lambar sirri yana isowa bayan wa'adinsa ya ƙare, ko kuma rubutun boko ne ke ba shi wahala alhali da saƙon murya ya saba a WhatsApp. Zama da mutum biyar a ranar kasuwa yakan warware abin da wata guda na kallon jadawali bai warware ba. A nan ɗan gida yake da fifikon da babban kamfani ba shi da shi: ya san yaren, ya san ranakun kasuwa, ya san makon da hanya ta rufe.

Mai waya da ba ya rubuta manhaja ma yana da rabonsa a wannan ilimi. Idan talla ta ce mutum miliyan kaza sun sauke wata manhajar kuɗi ko ta bashi, wannan bai gaya maka komai ba game da ranar da kuɗinka zai maƙale. Ka duba sababbin ra'ayoyin da ke ƙarƙashinta a Play Store, musamman masu tauraro ɗaya da biyu, ka ga ko ƙorafin iri ɗaya ne ke maimaituwa. Ka gwada da kuɗi kaɗan kafin ka zuba mai yawa. Sannan ka tambayi mai POS na unguwarku wace na'ura yake ɗaukowa idan layi ya yi rauni kuma kwastoma na tsaye, domin shi kullum yake wannan awon, kuma da jarinsa yake yi.